Lemun Tsami a Bayan Mangaza

Gwaggonku Hamsatu ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙanta, kuma ni ba na faɗa da kabari. Amma maganar da ta bari tana nan tana yawo, don ranar sunan jikana na baya-bayan nan na ji ta da kunnena a bakin ƙofar ɗakin girki, ana dariya. Wai babanku mijin-ta-ce ne, wai ni na zuga shi ya yi wasa da aikinsa a Gaya har aka kore mu, muka koma riƙon hauya a Tunuga. Na haɗiye ranar saboda baƙi. Yau babu baƙo, sai ni da ku, to ku gyara zama ku ji yadda aka yi. In na gama, wanda dariyar ta zo masa ya yi.

Shekarun farko ne bayan an sauke tutar Faransa. Lokacin nan gyaɗa ke riƙe da ƙasar. Manyan motoci su taho daga gabas shaƙe da buhuna, a sauke a mangazar ajiya ta wani kamfani da ke kusa da gada, a sake loda wa wasu motocin su tsallake Kwara zuwa Dahome, inda jirgin ƙasa ke jira. Babanku Jibo ɗan dako ne a wurin, shi da ƙanensa Saini. Mutum biyu su kama buhu su cilla wa na uku a kafaɗa, ya hau katako da shi a guje, daga hantsi har rana ta yi ja. Ɗan dako ba shi da wani jari sai dantsensa. Ni kuwa ina da rumfa a bakin ƙofar mangazar, ina sayar da shinkafa da miyar kifi, kuma duk wanda ke cin abinci a wurin da Biba Mai Zanzana ya san ni. Agana ta shiga ƙauyenmu ina yarinya, ta kwashe ƙannena, ni ta bar ni da fuska kamar ƙasar da yayyafi ya taɓa. Ban taɓa jin haushin sunan ba. Abin da ke fuskarka ba zagi ba ne.

Shugaban 'yan dako wani ne Shef Mamudu, mai hular kwano da usur a wuya. Ya ɗan taɓa lakwal, wato boko, yana jin Faransanci, don haka shi ne bakin mai kamfani, shi ne kunnensa. A tsakiyar kakar gyaɗa labari ya zo cewa agana ta ɓulla a ƙauyukan tsallake, kuma gwamnati za ta aiko masu lamba har wuraren aiki, tunda ma'aikaci ba ya samun sararin zuwa likita. Wallahi da na ji sai da na yi guɗa a rumfata. Ku 'yan yanzu allura kuka sani, lamba daban ce. Ana ɗiga magani a dantse, a tsattsaga fata da ɗan ƙarfe. Bayan 'yan kwanaki wurin ya taso ya yi ruwa, hannu ya kumbura, kaluluwa ta fito, zazzaɓi ya kwantar da mutum. Daga nan ya bushe ya bar tabo, shi ke nan kai da agana sai kallo. In kuwa bai taso ba, an yi aikin banza. Ba a makaranta na koyo wannan ba. Kawuna tsohon soja ne, a bariki aka yi masa tasa, shi ya yi jinyar gidanmu gaba ɗaya shekarar da ta shigo mana, ko ciwon kai bai yi ba.

Ana gobe za su zo, Shef Mamudu ya tsaya a rumfata yana sakace.

"Mai Zanzana, gobe da sassafe ki taho mini da kwandon lemun tsami. Na ji kina da mutane a lambunan Bengu."

"Kwando guda, Shef? Biki za a yi?"

"Masu lamba za su zo. Duk wanda aka tsaga wa, ya zagaya bayan mangaza ya goge wurin da lemu tun da ɗuminsa. Lemu yana kashe ta. Ba kumburi, ba kwanciya. Lokotoro ya yi aikinsa, mu ma mu yi namu."

Na ajiye ludayi na dube shi, ina jira ya ce wasa yake yi.

"To mene ne amfanin tsagar?"

"Amfaninta gwamnati ta ce a yi, an yi. Kin ga motocin da ke layi har bakin gada? In mutanena suka kwanta da hannu kumbure, ke za ki ɗauki buhun?"

"Shef, dubi fuskata. Kullum a gabanta kake cin abinci, ba ta ishe ka wa'azi ba?"

"Ke taki Allah Ya rubuta miki. Ni dai na faɗa, wanda ya kwanta, akwai masu jiran gurbinsa."

Na ce masa ya nemi lemunsa a wani wuri, hannuna ba ya ciki. Ya yi murmushi ya ce kasuwar Gaya ba ta ƙare a kaina ba, kuma gaskiyarsa, kafin la'asar an kawo masa kwando har da gyara. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba a ɓoye aka yi ba. Kowa ya sani, direbobi sun sani, mai gadi ya sani, har ana yaba wa Shef cewa mutum ne mai dabara, mai tausayin talaka.

Da yamma na kai maganar gida. Gwaggonku Hamsatu tana zaune da mu tun rasuwar mijinta, kuma ita ta raini babanku da Saini bayan uwarsu ta rasu, don haka in ta yi magana a gidan nan an gama. Saini bai daɗe da yin aure ba, ɗakinsa na kallon namu. Ina tankaɗe ina ba su labari, raina a ɓace, ban kai ƙarshe ba ta tare ni.

"To laifin me ya yi? Ciwo ne fa ake ɗurawa a jikin mai lafiya. Mutum ya nemo muku hanyar da za ku tsira da aikinku, ke kina kumfar baki."

"Yaya, wannan ɗan ciwon shi ke tare babban."

"Babban yana tsallaken kogi. Yunwa kuwa tana nan bakin ƙofa. Jibo, ka ji ni, gobe abin da kowa ya yi shi za ka yi."

Saini ya yi dariya, don shi komai abin dariya ne a wurinsa, ya ce ai matar yaya so take a dawo mata da miji kwance ta samu na jinya. Na ce masa Allah Ya shirye shi. Babanku yana gefe yana gyaran gammonsa. Kun san shi, magana a wurinsa kamar ana cire masa haƙori. Sai da kowa ya gaji ya yi shiru sannan ya ɗago kai.

"Biba, kawun nan naki, da hannunsa ya taɓa ku?"

"Shi ya wanke ƙannena, shi ya sa su a rami."

Ya ce to, ya ci gaba da gammonsa. Iyakar abin da ya shiga tsakanina da shi ke nan a kan maganar, Allah ne shaidata. Ban sa shi ya rantse ba, ban ce zan yi yaji ba, ban yi masa kuka ba. Na wayi gari ban san abin da zai yi ba, kamar yadda Hamsatu ba ta sani ba.

Da hantsi motar masu lamba ta iso. Aka kafa tebur a inuwar mangaza, aka hura usur, 'yan dako suka yi layi. Lokotoron, wato mai tsaga lambar, saurayi ne ɗan ƙasa kamarmu, cikin farar riga, da gani ya kwana biyu a hanya. Kafin ya fara ya tsaya ya yi dogon jawabi da Faransanci, yana nuna dantsensa, yana kaɗa yatsa. Da ya gama Shef Mamudu ya juyo ya fassara mana.

"Ya ce ku naɗe hannun riga."

Shi ke nan fassarar. Daga baya wani direba ɗan Dahome ya gaya mini abin da mutumin ya faɗa, cewa kada a wanke wurin, kada a goga masa komai, kuma duk wanda nasa ya kumbura ya gode wa Allah, alamar ya kama ke nan. An ce in kunne ya ji jiki ya tsira, to ta ina kunne zai ji, an cinye maganar a hanya? Mutane ne masu Hausa da Zabarmanci da Dandanci, aka zo aka yi musu zancen ransu da harshen da mutum ɗaya tak ke ji a cikinsu, shi kuma mutumin motocinsa ne a gabansa.

Aka fara. A tsaga wa mutum, ya wuce teburin, ya zagaya baya, inda mataimakin Shef ke tsugune da kwano cike da yankakken lemu. Kafin a yi rabin layi duk filin ya ɗauki ƙamshin lemun tsami, har ya danne na miyata. Na kasa daurewa, na bar tukunya a wuta na nufi teburin.

"Lokotoro, don Allah taka ka zagaya baya ka ga abin da ake yi da aikinka."

Shef ya yi masa wata magana da Faransanci yana nuna kansa da yatsa, wai ba ni da hankali, suka yi 'yar dariya. Amma lokotoron ya ji ni, na rantse ya ji, kuma hancinsa ba a toshe yake ba. Ya duba agogonsa, ya amsa mini da Hausarsa ta baƙi.

"Inna, kowa ya samu. Akwai wasu garuruwa a gabana."

Taku nawa ne daga teburin zuwa bayan mangaza? Bai yi su ba. Mai gadi ya ja ni gefe, na tsaya inda nake hango kwanon, daidai lokacin da layi ya zo kan babanku. Aka tsaga masa, ya zagaya kamar kowa, Shef na biye da shi don ya san mijin wace ce. Aka miƙa masa ɓarin lemu. Ya karɓa, ya jujjuya shi a hannu, sai ya kai baki ya tsotse shi tas, ya tofar da 'ya'yan.

"Na gode, Shef. Dama tun safe bakina ba daɗi."

Ya wuce da hannun rigarsa a naɗe. Ko inda nake bai kalla ba. Wasu suka tuntsire da dariya, suka ga fuskar Shef suka haɗiye. Saini ne a bayansa, lemu a hannu, babanku ya waiwayo.

"Saini, bari."

"Yaya, ni da na ajiye 'yar mutane a ɗaki? Kai dai ka yi mana mu biyu."

Ya goga, ya ƙara gogawa, yana yamutsa fuska yana dariya. Wannan shi ne mutumin da ake ce muku mijin-ta-ce. A filin nan gaba ɗaya, cikin ƙarti masu ɗaukar buhu da hannu ɗaya, shi kaɗai ya tsaya a gaban Shef ya yi abin da ya ga dama, kuma ladan da ya samu shi ne a ce matarsa ce ta sa shi.

Bayan 'yan kwanaki lamba ta taso. Dantsen ya yi suntum, hammata ta ɗaure, jiki ya yi zafi kamar garwashi. Duk da haka ya fita aiki, yana kama buhu da hannun dama kawai, har ranar da buhu ya suɓuce masa a kan katako ya fashe. Shef bai ma ɗaga murya ba. Ya ce ya je gida ya huta, in ya huta kada ya dawo. Washegari na tarar an kwance rumfata, an tara mini tukwanena a bakin hanya, wata tana hura wuta a wurina. Babu mangazar da ta ƙara ɗaukar babanku a Gaya, don shefofin duk bakinsu ɗaya. Da ya warke muka tattara muka koma Tunuga gonar mahaifinsa, babbanku na goye a bayana, shi ma da tasa lambar da na kai shi likita aka yi masa. Hamsatu ta ƙi bin mu, ta zauna wurin Saini. Ranar da za mu tashi ta tsaya a ƙofar gida tana gaya wa maƙwabta.

"Ku gani, an raba shi da abincinsa saboda ƙurji. Namiji har namiji, mace ta sa masa linzami."

Babanku ya ɗora kaya a kai ya ce mata sai wata rana. Ni ce na so in amsa, ya dube ni, na bi bayansa. Mun sha wuya a shekarar, ba zan ɓoye muku ba, mun isa ba mu da hatsin da zai kai mu damina, sai da dangi suka tallafa. Muna can muka ji wai an yaba wa Shef Mamudu a gaban manyan gari, a matsayin wanda duk ma'aikatansa suka karɓi lamba, kuma aiki bai tsaya ba ko na yini guda.

Da bazara ta yi zafi agana ta tsallako. A mangazar ta fara sauka, cikin rumfar da 'yan dako baƙi ke kwana jiki da jiki. Da aka kai rahoto sai manya suka ce ba zai yiwu ba, ai waɗannan duk an yi musu lamba, ƙarambau ne, zai wuce. Aka bar su suna cuɗanya, masu gida suna komawa cikin iyalansu. Ƙaryar da aka yi wa gwamnati da lemu ita gwamnati ta riƙe ta rufe ido da ita, har sai da aka fara fitar da gawa. Sannan ne aka tashi da jandarmomi, aka kafa bukkokin zana a bayan gari, ana kwasar marasa lafiya ana zubawa, ana sake yi wa gari lamba gida gida. A wannan karon ba wanda ya nemi lemu.

Wani mai kwalekwale ya kawo mana saƙon Hamsatu, kalma biyu, wai Saini ya kwanta. Muka bar babbanku wurin dangi muka shiga jirgin. A bakin bukkokin an ja igiya, mata na tsaye daga nesa suna ajiye kwanon abinci a ƙasa suna ja da baya, amaryar Saini a cikinsu, idanunta sun kumbura. Jandarma ya tare mu. Ni fuskata ta ishe shi, babanku kuwa ya naɗe hannun riga ya nuna tabo, aka ɗaga mana igiya. Abin da muka gani a ciki ba zan zayyana muku ba, kuna da 'ya'ya. Mutanen da na ciyar da hannuna ne, na san mai son yaji, na san mai son kan kifi, amma sai da murya nake gane su. Babanku ya yi ta juya su, yana ba su ruwa, yana kore musu ƙuda, wanda ya cika ya wanke shi ya haƙa masa rami, don ba mai iya taɓa su sai mu. Mutanen da suka yi masa dariya ne fa. Shef Mamudu bai leƙo ba ko sau ɗaya. Na samu labari daga baya cewa shi tasa lambar tun yana lakwal aka yi masa, ta kama, tabonta na nan ƙarƙashin rigarsa duk lokacin da yake raba wa mutane lemu. Allah Ya isa, kuma ban janye ba.

Saini ya rayu, amma ƙurajen sun shiga idanunsa. Kun tashi kun same shi a zaurenmu yana tufkar igiya, kuna ja masa sanda zuwa masallaci, ba wanda ya gaya muku cewa da can shi ne ya fi kowa gudu a kan katako. Hamsatu kuwa ko a lokacin ba ta sauko ba, cewa ta yi da Jibo yana mangaza da ya sa ido a kan ƙanensa. Na fahimce ta yanzu fiye da da, don in ba ta ɗora mini laifin ba, a kanta zai sauka. Amma fahimta ba ta sa ƙarya ta zama gaskiya.

Da safen da ɓawon fuskar Saini ya gama zuba, na jiƙa tsumma na wanke masa idanu. Ya buɗe su, ya juya kai wajen ƙofar bukka inda rana ke shigowa, ya tambaya ko gari bai waye ba ne. Sai ya miƙa hannu yana lalube.

"Yaya, kana nan?"

"Ina nan."

"Ba ni hannunka. Ba wannan ba, na hagun."

Babanku ya matso ya durƙusa. Saini ya bi dantsen da yatsunsa a hankali har ya samu wurin, ya ɗora babban yatsansa a kai, yatsan ya rufe tabon gaba ɗaya.

"Ashe ɗan wannan ne, Yaya?"

Babanku ya bar masa hannun har Saini ya gaji ya saki don kansa.